Bugun Farko: Abin Ado a Wurinsu, Shaida a Wurinmu

Ni ɗan Madarunfa ne, kuma ruwan da na fara sani a duniya shi ne tafkinmu, wanda gulbi ke cikawa da damina, ya ja da baya da rani. Har yau ban taɓa ganin teku da idona ba. Saboda haka wanda ya ji ina magana a kan littattafan tafiye-tafiyen jiragen ruwa, da mutanen da ke zuba dukiya wajen tara bugunsu na farko, yana da damar ya tambaye ni: ina ruwan biri da gada? Wannan tambaya nake son amsawa a gaban malamaina da ƴan'uwana ɗalibai, domin na yi imani ruwanmu ne ƙwarai, kuma sakacin da muke yi da waɗannan littattafai yana rage wa bincikenmu daraja.

Abin da ya farkar da ni

A shekarata ta farko ta digiri na biyu na kai wa malamin da ke duba kundina babi na ɗaya. A ciki na kafa hujja da littafin wani Bature matafiyi na ƙarni na 19, na ce bai kawo jerin kalmomin Hausa ko ɗaya ba. Malam ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Wane bugu ka duba?" Na ce, "Allah gafarta Malam, wanda ake sayar da kwafinsa a bakin ƙofar jami'a." Ya ce in je in nemo hoton bugun farko a intanet, in buɗe ƙarshen littafin, sannan in dawo. Da na buɗe sai na tarar da rataye mai shafuka da dama, har da bayanin harsuna, wanda masu taƙaita littafin suka yanke gaba ɗaya domin rage kuɗin ɗab'i. Na kwana uku ina gyaran babin. Kunyar da na ji ran nan ita ta koya mini cewa littafi ɗaya yana iya zama littattafai da yawa, kuma duk mai cewa "wane ya rubuta" dole ya san a wane bugu ya rubuta.

Masu tarawa da abin da suke nema

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce mallakar bugun farko na labaran manyan tafiye-tafiyen teku. Suna neman tarin labaran da Richard Hakluyt ya fitar a 1589, da labarin zagaya duniya na George Anson na 1748, da na Bougainville Bafaranshe na 1771, da na tafiyar James Cook ta farko da aka buga a 1773. Akwai tsofaffin shagunan Landan irin su Maggs da Quaritch da suka daɗe a wannan sana'a, akwai kuma gidajen gwanjo irin su Sotheby's da Christie's inda ake yi wa littafi tayi kamar yadda ake yi wa ingarman doki.

Mai tarawa yana da abubuwan da yake dubawa kafin ya buɗe jaka. Bangon na asali ne ko an sake ɗinke shi? Taswirorin da ake naɗewa a ciki suna nan cif? Zane-zanen sun cika adadinsu? Takardar ta yi tabon danshi? Hannun wa da wa littafin ya bi kafin ya iso kasuwa? Idan aka sami sa hannun marubucin ko hatimin wani babban jami'in sojan ruwa a shafin farko, kuɗi sai ya ninka. Akwai ma wata mummunar ɗabi'a a kasuwar: wasu dillalai kan sayi littafi su fasa shi, su cire taswirori da zane-zane su sayar ɗai-ɗai ga masu son ratayawa a bango, domin ta haka ribar ta fi yawa. Abin da ya rage, wato rubutun da jerin kalmomin, shi ake yasarwa da araha. Ashe abin da ɗan kasuwa ke ɗauka ƙaiƙayi shi ne tsabar da mai nazarin harshe ke nema.

Me ya sa? Domin matuƙan jiragen da ba su da tafinta sai sun tsaya sun tambayi sunan ruwa da abinci da ƙidaya a duk gaɓar da suka sauka. Antonio Pigafetta, wanda ya bi ayarin Magellan daga 1519 zuwa 1522, ya rubuta jerin kalmomin Malay da na mutanen tsibirin Cebu, kuma masu nazarin waɗannan harsuna har gobe suna komawa gare shi. Da yawa daga cikin harsunan duniya da ba su da tsohon rubutu, a ƙarshen irin waɗannan littattafai aka fara sa su a takarda. Hausa tana da nata rubutun ajami, amma Hausar boko ta wannan ƙofa ta shigo.

Yadda Hausa ta hau jirgi

A 1830 Richard Lander da ƙanensa John suka bi Kwara cikin kwalekwale har inda ta faɗa teku. Shekara 2 bayan haka wani ɗan kasuwa, Macgregor Laird, ya taso daga Liverpool da jirage masu tafiya da tururi domin ya hau kogin. Sunan ɗaya Quorra, wato Kwara. Sunan ɗayan Alburkah, wato albarka, kalmar da kowane yaro a Madarunfa ya sani. Wannan ƙaramin jirgin ƙarfe ya keta teku da kalmar bakinmu a rubuce a jikinsa tun 1832, da irin rubutun da kunnen Bature ya ji. Tafiyar ba ta yi albarka ba, domin cikin Turawa 48 mutum 9 kaɗai suka tsira. Laird da likitan ayarin, Oldfield, suka buga labarin a 1837.

A 1841 gwamnatin Ingila ta aiko da nata ayari a ƙarƙashin hafsoshin sojan ruwa, da jirage uku: Albert da Wilberforce da Soudan. Zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, aka juya. Amma cikin ayarin akwai James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan, da Samuel Ajayi Crowther. Schön ya fara koyon Hausa a Saliyo daga bakin Hausawan da jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato daga jiragen fataken bayi suka sauke a Freetown. Littafin tafiyarsu shi da Crowther ya fito a 1842, littafinsa na kalmomin Hausa da ɗan bayanin nahawu ya biyo baya a 1843. Daga nan tarihin nazarin Hausa a boko ya soma. A garin na Freetown ne kuma Sigismund Koelle ya tattara Polyglotta Africana, wanda aka buga a 1854, inda ya jera kalmomi kusan 300 cikin harsuna fiye da 150, har da Hausar Kano da ta Katsina a layuka dabam. Mu da muke jin Katsinanci a Maraɗi da Madarunfa, wannan layi na biyu ya shafe mu kai tsaye, domin sarakunan Katsina na Haɓe Maraɗi suka komo bayan jihadi, da mutanensu da karin harshensu.

A 1854 William Balfour Baikie, likitan sojan ruwa, ya ja jirgin Pleiad ya hau Binuwai. Ya riƙa ba mutanensa kwini, ba wanda ya mutu, kuma labarin ya fito a 1856. Daga baya ya zauna a Lakwaja, ya ziyarci Kano a 1862, ya yi rubutu a kan Hausa da Fulatanci. A ɓangaren Faransawa kuwa, Émile Hourst, shi ma hafsan sojan ruwa, ya gangaro Kwara a 1896, ya yi watanni a kusa da Sayi, ya buga littafinsa a 1898. A can hayin teku ma, Francis de Castelnau, jakadan Faransa a Bahia ta Brazil, ya tattauna da bayi Hausawa a kan garuruwansu da hanyoyin da aka bi da su, ya buga a 1851.

Akwai ma jirgin da ya keta Sahara a bayan raƙuma. Ayarin Richardson da Barth da Overweg ya taso daga Tarabulus a 1850 da jirgi gunduwa-gunduwa. A watan Janairu na 1851 suka rabu a Damargu. Richardson ya nufi Damagaram, Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano, Overweg kuwa ya shigo ƙasarmu, ya ziyarci Maraɗi da Gobir. Shi ne daga baya ya harhaɗa jirgin ya shiga tafkin Cadi da shi. Ya rasu a 1852 bai kai ga rubuta littafinsa ba, Barth ne ya koma gida ya buga juzu'i biyar a 1857 da 1858.

Dorugu

Duk waɗannan Turawa ne ke ba da labari. Akwai guda ɗaya da namu ne ya bayar, kuma saboda shi na ɗauki alƙalami. Dorugu yaro ne daga Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram, gabas da mu. An kama shi bawa yana ƙarami, aka kai shi Barno, Overweg ya ƴanta shi tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Bayan rasuwar Overweg suka bi Barth har Tumbutu, suka dawo, suka keta Sahara zuwa Tarabulus, suka hau jirgin ruwa suka tsallaka Bahar Rum, suka isa Landan a 1855. A Ingila Dorugu ya zauna wurin Schön, wanda a lokacin yake aikin limanci a asibitin sojan ruwa a Chatham. Schön ya riƙa rubuta abin da yaron ke faɗi: tatsuniyoyi da karin magana da labarin rayuwarsa da tafiyarsa. Da wannan taimako ya fitar da nahawunsa a 1862 da ƙamusunsa a 1876, sannan Magana Hausa a 1885, inda labarin Dorugu yake da Hausa.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Muna da labarin tafiyar teku da Hausa, daga bakin ɗan ƙasar da yau ake kira Nijar, wanda aka rubuta shekaru kusan 170 da suka wuce. Yaro ne ɗan tudu da ya ga teku, ya ga jirgin ƙasa, ya ga biranen Turai, ya nemi kalmomin da zai kwatanta su cikin harshen da bai tanadi sunayensu ba. Ga mai nazarin ma'ana da ƙirƙirar kalmomi wannan taska ce. Ga mai nazarin karin harshe kuma, ga Hausar gabashin ƙasarmu ta tsakiyar ƙarni na 19. Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara labarin zuwa Turanci a 1971. Na tambayi ƴan ajinmu ko akwai wanda ya karanta shi da Hausarsa ta asali. Da yawa sun san sunan Schön domin yana fitowa a jarrabawa. Sunan Dorugu kuwa, wasu ran nan suka fara ji.

Masu cewa a saya

Ra'ayi biyu nake ji a tsakaninmu, kuma ban gamsu da ko ɗaya ba. Na farko na masu cewa ya kamata jami'o'inmu ko hukuma su shiga gwanjo su sayo waɗannan littattafai, a kawo su gida, domin gadonmu ne. Na fahimci zafin zuciyar da ke bayan wannan magana. Akwai ciwo a ce maganar kakanninmu tana kulle a kabad ɗin wani attajiri da bai san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba.

Amma a tuna, littafin da aka buga ya bambanta da rubutun hannu. Rubutun hannu guda ɗaya ne, in ya tafi ya tafi. Littafin ɗab'i kuwa kwafi ɗaruruwa aka yi, kuma manyan ɗakunan karatu na duniya suna da nasu. Mafi yawan waɗanda na ambata an ɗauki hotonsu shafi-shafi an zuba a Internet Archive da Google Books da Gallica, kyauta, domin haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Wasu kuma kamfanin Frank Cass na Landan ya sake buga su a shekarun 1960 da 1970. Kuɗin da mai tarawa ke biya, na bango ne da takarda da sunan wanda ya taɓa riƙewa. Mu kalmomin muke so. In aka kashe miliyoyin sefa aka sayo juzu'i ɗaya, ina za a ajiye shi? A ɗakin da gara ke cin katako, hunturu ke busar da takarda har ta karye, damina ta zo da danshi? Ƙarshenta za a kulle shi a ofis, ɗalibi ba zai taɓa shi ba, sai in baƙi sun zo a fito da shi a nuna. Mun koma masu tarawa ke nan, kuma matalautansu. Wannan kuɗi in akwai shi, na'urar ɗaukar hoton takardu da na'urar naɗar magana da kuɗin motar ɗalibai zuwa ƙauye sun fi cancanta da shi.

Masu cewa a watsar

Ra'ayi na biyu na masu cewa littattafan ƴan leƙen asiri ne da ƴan mishan, waɗanda suka share wa mulkin mallaka hanya, cike suke da raini da ƙarya, don haka ba mu da abin koyo a cikinsu. Rabin maganar gaskiya ne. Taswirorin da waɗannan mutane suka zana da su aka yi amfani wajen raba ƙasar Hausa gida biyu. Ayarin Tilho da ya ja iyakar Nijar da Najeriya daga 1906 zuwa 1909, iyakar da ta ratsa kudu da Madarunfa ta raba dangi da dangi, shi ne kuma ya haifar da littafin nahawu da tatsuniyoyin Hausa da ƙamus na Landeroin da Tilho. Littafin Castelnau ma, tun daga sunansa yana cigiyar wasu mutane masu wutsiya da aka ce suna tsakiyar Afirka. Wanda ya karanta irin wannan bai ji ɓacin rai ba, a duba shi.

Sai dai wa ke magana a cikin jerin kalmomin? Bature ne ya riƙe alƙalami, amma bakin na Bahaushe ne: wanda aka sauke daga jirgin bayi a Freetown, da wanda ke dako a Bahia, da yaron Dambanas. Waɗannan mutane ba su bar mana kabari da muka sani ba, ba su bar zuriyar da za mu iya bi ba. Abin da suka bari shi ne yadda suke cewa ruwa da wuta da uwa da goma. In muka watsar da littafin saboda fushi da marubucin, su muka watsar karo na biyu.

Aikinmu shi ne tankaɗe da rairaya, kuma ilimin harshe ya ba mu rariyar. Mun san Schön bai bambance ɓ da b, ko ɗ da d, ko ƙ da k ba. Mun san bai sa karin sauti yadda muke sa shi yau ba, abin da sai a ƙamusun Bargery na 1934 aka yi shi da tsari. Mun san kunnen Bajamushe da na Ba'ingile da na Bafaranshe ba iri ɗaya suke jin baƙi ba, kuma kowa da ƙa'idar rubutun harshensa yake rubuta abin da ya ji. Wanda ya san haka zai iya warware wane kuskure na marubuci ne, wanne na mai jera haruffa a maɗaba'a ne, wanne kuma ba kuskure ba ne, tsohuwar siga ce ko karin wani yanki. A nan ne ɗan Maraɗi ko ɗan Damagaram ya fi kowane masani na waje dama. Kalmar da baƙo zai ɗauka ɓatan rubutu ce, mai yiwuwa ita ce kakarka ke faɗi har yanzu.

A nan kuma amfanin bugun farko yake fitowa fili. Editan baya yakan "gyara" rubutu ya maido shi kan ƙa'idar zamaninsa, da kyakkyawar niyya, sai ya shafe shaidar da muke nema. Magana Hausa ma an sake fitar da shi a 1906 ta hannun C. H. Robinson, don haka mai kafa hujja da shi dole ya faɗi wanne ya duba. Tambayoyi irin su yaushe kalmar jirgi ta tashi daga kan kwalekwale ta hau kan na ƙasa da na sama, ko yaushe teku ta fara gogayya da bahar a bakin Hausawa, ba a amsa su da zato. Sai an jera tsofaffin matani bisa shekarunsu na gaskiya, kowanne da rubutunsa na asali.

Namu bugun farkon

A hutun da ya wuce na zauna da kawuna a bakin tafki yana ɗinkin koma. Masunci ne tun yana saurayi. Na buɗe wayata na nuna masa hoton shafin farko na Magana Hausa, na ba shi labarin Dorugu. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "To ɗan nan, shi wannan yaro Bature ya rubuta nasa. Ni wa zai rubuta nawa? Kai da aka sa lakkwal, sunan tarko nawa ka sani?" Na lissafa koma da taru da fatsa da mamari da gura, na tsaya. Ya yi dariya ya ci gaba da jero wasu, da sunayen sassan kwalekwale, da sunan iskar da ke tasowa kafin hadari, da yadda ake kiran tarwaɗa da karfasa gwargwadon girmansu, da yadda ake tono gaiwa a busasshen taɓo. Da na koma na duba ƙamusoshin da ke hannuna, wasu na same su, wasu na same su da wata ma'ana, wasu kuwa babu su sam.

Tun 2006 tafkin Madarunfa da dajinsa da kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da shi suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO domin a duba shigar da su gadon duniya. Ana maganar ruwan da tsuntsayen da kaburburan. Harshen mutanen da ke rayuwa a kan ruwan fa? Ragar roba ta kantin kasuwa ta maye gurbin ta saƙar hannu, samari sun koma kabu-kabu da ci-rani, kuma duk kayan aikin da aka daina amfani da shi sunansa na bin sa. Kawuna kwafi ɗaya ne, ba a buga shi sau ɗari ba, ba kuma wani ɗakin karatu da ya ɗauki hotonsa. Haka takardun ajami da ke cikin gafakar malaman zaure a Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri. Sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar IRSH a Yamai, wanda Boubou Hama ya aza tubalinsa, ya tara abin da ya tara, amma abin da ke gidajen mutane har yanzu gara da yoyon ɗaki ne ke gadinsa. In ana neman abu mai wuyar samu da ya cancanci a yi tsere a kansa, ga shi nan a ƙofar gidanmu.

Abin da nake roƙo

Roƙona na farko ga ƙungiyar ɗalibai ne. Mu haɗa ma'ajiya ɗaya ta hotunan bugun farko na duk tsofaffin littattafan da suka ɗauko Hausa, daga 1843 zuwa 1934, kowanne da shekararsa da garin da aka buga shi, a duba a tabbatar ratayensa da taswirorinsa sun cika. A ajiye a kwamfutar sashe, a raba wa kowa a waya. Wannan aikin mako biyu ne da kuɗin intanet kaɗan.

Na biyu ga malamanmu ne. A sa karatun labarin Dorugu da Hausarsa ta asali cikin darasin tarihin nazarin Hausa, kuma a daina karɓar kundin da ya kafa hujja da tsohon littafi bai faɗi bugun da ya duba ba. Abin da aka yi mini ya yi zafi, amma ya yi magani.

Na uku aiki ne da ya isa kundin digiri: a fitar da labarin Dorugu cikin rubutun Hausa na yau, shafi da shafi kusa da rubutun Schön, tare da sharhin ɗalibin da ya tashi da karin Damagaram. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, makarantu za su buƙaci abin karantawa. Ban ga abin da ya fi dacewa da yaron Kance ko na Madarunfa ba kamar labarin yaro irinsa da ya ga duniya ya ba da labarinta da harshensu.

Na huɗu ga kowannenmu ne. Duk mai komawa gida hutu ya tafi da littafin rubutu da na'urar naɗar magana, ko da ta waya ce. Ya zauna da masunci ko maƙeri ko majemi ko ungozoma, ya rubuta sunan mai maganar da izininsa, da garinsu, da ranar. Koelle ya yi haka a Freetown, ya rubuta asalin kowane mutum da ya tambaya, shi ya sa aikinsa ke da amfani bayan shekara 170. Mu da muke jin harshen tun a goye ba mu da uzurin yin ƙasa da haka.

Masu tarawa su ci gaba da tara abinsu, ba ni da faɗa da su. Hasali ma da yawa daga cikin kwafin da muke gani a intanet yau, irinsu ne suka adana su har suka kai ga ɗakunan karatu. Su riƙe bango da zinariyar da ke jikinsa. Mu kuwa mu karanta abin da ke ciki, mu gyara inda kunnen baƙo ya zame, mu kuma rubuta abin da ba a rubuta ba tun masu shi suna da rai. Kawuna ya ce in dawo bayan kaka, lokacin da ruwa ya fara ja, zai nuna mini sauran. Na sayi sabon littafin rubutu saboda haka. Allah ya kai mu, ya kuma ba dattawanmu tsawon rai.